Kafin Ka Zuba Kuɗi A Oba-Oba

Duk wanda ya je sayen rediyon oba-oba, tambayar da ke fara fitowa daga bakinsa ita ce, "Kilomita nawa take ci?" Mai shago kuwa ya san abin da kunne ke son ji. Sai ya juya kwali ya nuna maka inda aka buga kilomita 10, wani kwalin ma 50, ka biya ka kwasa. Kafin mako ya zagayo maigadin ƙofar gaba ba ya jin na ƙofar baya, direban da ya fita gari ya ɓace ɗif, kowa ya koma wa wayarsa ta salula, oba-obar kuma ta koma cikin durowa. Wannan shawara ta masu kamfanin tsaro ce, da masu manyan gonaki, masana'antu, asibitoci, otal-otal, makarantun kwana da masu aikin gine-gine, wato duk wanda jinkirin saƙo na minti ɗaya zai iya jawo masa asarar dukiya ko ta rai.

Mu fara kashe maganar nisa. Siginar oba-oba miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, kuma tudu da gini da kurmi duk suna rage mata ƙarfi. Mutum biyu da ke tsaye a fili fetal, kowa da tasa a hannu, iyakar abin da lissafi ya ba su bai wuce kilomita 10 ba. A cikin gari mai cunkoson gidaje, in ka samu kilomita ɗaya ko biyu ka gode wa Allah. Ƙarfin na hannu wat 4 ne zuwa 5, na mota kuma 25 zuwa 50, amma ko ka ninka wat ɗin, abin da zai ƙaru a nisa kaɗan ne, batir ne kawai zai riƙa saurin mutuwa. Abin da ke kawo nisa shi ne tsawo. Akwai na'urar da ake kira rifita, wadda ake kafa eriyarta a kan dogon ƙarfe, ko saman bene, ko tankin ruwa mai tsayi. Tana karɓar maganarka a wata mita, ta sake watsa ta nan take a wata mitar da ƙarfin da ya fi naka. Eriyar da ke sama da ƙasa ƙafa 100 tana hango kusan kilomita 22 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Saboda haka wanda ke da gona mai faɗi ko motoci masu yawo cikin gari, kuɗin rifita da turkenta shi ne farkon abin da zai ware, kafin ma a ƙirga na hannu guda nawa za a saya. Na sha ganin an sayi na hannu masu tsada guda talatin an ƙi sayen rifita ɗaya don tsimi, aka tashi ba a tsira da komai ba.

Batun zango gajere ne. VHF, wato daga megahaz 136 zuwa 174, ya fi dacewa da fili da daji da gona. UHF, daga 400 zuwa wajen 470, ya fi iya kutsawa cikin gini mai siminti da ƙarfe, kuma eriyarsa gajera ce. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, domin akasarin na'urorin aiki na gaske zango ɗaya kawai suke ji.

To me ya kawo dijital, alhali tsohuwar analog tana aiki? Ƙarancin fili a sararin samaniya ne ya fara tilasta abin. A da kowace tasha tana cin faɗin kilohaz 25. Da masu amfani suka yi yawa, sai hukumomi suka matse, har Amurka ta sa ranar 1 ga Janairun 2013 a matsayin wa'adin komawa 12.5 ga masu irin wannan lasisi. Masu ƙera na'urori suka nemi dabarar cusa magana mai yawa cikin ɗan wuri, suka mai da murya lambobi. Daga nan wasu amfanoni suka biyo baya. Murya tana fita tas ba shuuu ɗin nan na analog, kowace na'ura tana da lambarta, za ka san wa ke magana, za ka iya kiran mutum ɗaya ko rukuni ɗaya ba tare da ka dami sauran ba, ga gajeren saƙo na rubutu, ga GPS mai nuna inda ma'aikaci yake. Idan an sace guda ɗaya, daga ofis za a iya kashe ta. Akwai kuma maɓallin gaggawa, da saitin da ke kai ƙara in maigadi ya faɗi ko ya daɗe bai motsa ba. Amma ka san halinta guda: analog in ka yi nisa a hankali take dusashewa, kana tsintar kalma ɗaya-ɗaya cikin hayaniya, ita kuwa dijital tana nan garau har zuwa bakin iyakarta, sannan ta yanke gaba ɗaya. Dole ma'aikatanka su san inda wannan iyaka take tun kafin ranar buƙata.

Dijital ɗin ma ba iri ɗaya ba ce, kuma ire-iren ba sa jin yaren juna. Wanda ya fi yawa a hannun 'yan kasuwa shi ne DMR, ƙa'idar da cibiyar ETSI ta Turai ta fitar a 2005. Dabararsa ita ce raba tasha ɗaya mai faɗin 12.5 gida biyu ta hanyar karɓa-karɓa: wannan ya yi kashi 30 cikin dubu na daƙiƙa, wancan ya yi, da saurin da kunne ba ya ganewa. Ma'anar wannan a aljihunka ita ce rifita ɗaya da lasisi ɗaya su ba ka hanyar magana biyu a lokaci guda, masu gadi a ɗaya, direbobi a ɗaya. Tunda kuma na'urar rabin lokaci kawai take watsawa, batir ya fi daɗewa, masu ƙerawa suna cewa har kusan kashi 40 cikin 100. DMR hawa uku ne. Na farko na wasa ne, na biyu shi ne na yawancin kamfanoni, na uku kuma na manyan wurare masu ɗaruruwan ma'aikata, inda kwamfuta ke raba wa masu magana tashar da ba kowa a kai. Motorola na sayar da nasa da sunan MOTOTRBO tun 2007, Hytera ta ƙasar Sin ita ce babbar abokiyar gogayyarsa, ga kuma Kenwood da Tait da wasunsu.

Akwai NXDN, wanda Icom da Kenwood na Japan suka haɗa hannu suka fitar, shi kuma tsaga tashar yake yi zuwa siraran hanyoyi masu faɗin 6.25. Fasaha ce mai kyau, sai dai kafin ka ɗauke ta ka tambayi kanka mutum nawa ne a garinku suka iya saita ta, kuma a ina za ka samu batir in naka ya mutu. TETRA kuwa na gwamnatoci ne da filayen jiragen sama da jiragen ƙasa da manyan kamfanonin mai. Yana ɗaukar magana huɗu a tasha mai faɗin 25, an gina shi don taro mai yawa a wuri ɗaya, shi ya sa 'yan sandan Birtaniya da na Jamus suke kansa, kuma ana amfani da shi wajen kula da alhazai a Makka da Mina da Arfa. Na hannunsa ba su da ƙarfin wat kamar na DMR, don haka yana cin turaku da yawa, turaku kuwa kuɗi ne. P25 na 'yan sanda da 'yan kwana-kwanan Amurka ne, tun 1989 aka fara aikinsa, kuma guda ɗaya na iya cin dubban daloli. Idan wani dillali ya zo yana tallata maka TETRA ko P25 alhali ma'aikatanka ba su kai ɗari ba, ribarsa yake dubawa. A ganina, cikin masu karanta wannan shafi, tara cikin goma DMR hawa na biyu ne daidai da su.

Yanzu ga inda aka fi ruɗa mutane a 'yan shekarun nan. An cika kasuwa da wata oba-oba mai cin layin waya. Siffarta ta oba-oba ce, da eriya da maɓallin dannawa, amma a cikinta sim ne da data. Mai talla zai ce maka daga Kano za ka yi magana da Legas, ba rifita, ba turke, ba wahalar lasisin mita, kuma bai yi ƙarya ba. Ga kamfanin sufuri mai tireloli tsakanin Apapa da Maiduguri, ko mai rarraba kaya a jihohi da dama, babu abin da ya kai ta sauƙi. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne ranta a hannun kamfanin waya yake. Inda ba sabis, ko mutum biyu suna kallon juna ba za su ji juna ba, sai fa irin mai haɗe da rediyon gaske a ciki. Mu kuwa mun ga ranar da sabis ya ɗauke. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni a haka. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta rarrafe a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Da yawa daga irin waɗannan na'urori sai maganarka ta je wata kwamfuta a ƙasar waje sannan ta dawo wa wanda ke kusa da kai. Ƙara da cunkoson ranar Sallah ko ranar gangami, lokacin da kowa ke kan layi, wanda kuma shi ne lokacin da mai tsaro ya fi buƙatar a ji shi.

Birtaniya ma, da duk kuɗinta da ƙwararrunta, ta ƙulla kwangila a 2015 don mai da jami'an agajinta kan layin 4G, da niyyar kashe tsohon tsarinta na Airwave a ƙarshen 2019. Wa'adin ya wuce da shekaru ba a kashe shi ba. Don haka ka raba aikinka biyu. Abin da ya shafi tafiya mai nisa da harkar yau da kullum, mai sim ta wadatar, sai ka tuna akwai kuɗin wata-wata a kan kowace guda. Abin da ya shafi gadi da gobara da motar asibiti, a sa shi kan rediyon da kai ke da turkensa da batirinsa. Ana iya haɗa biyun da wata 'yar na'ura su riƙa jin juna. Ana kuma iya haɗa rifitar reshenka na Kaduna da ta Kano ta intanet, in layin ya yanke kowane reshe ya ci gaba da magana a cikin gidansa.

Sai lasisi, wanda mutanenmu suka fi raina wa wayo. Mita dukiyar ƙasa ce, ba a hawa sai da izini. A Najeriya, kamfanin da ke son mita don aikinsa na cikin gida yana nema ne daga sashen kula da mitoci na Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, ita kuma hukumar NCC tana kula da masu sayar wa jama'a sabis da tantance na'urorin da ake shigowa da su. A Nijar ARCEP ce, a Ghana NCA. Rubutun "ba a buƙatar lasisi" da kake gani a wasu kwalaye dokar Turai ko ta Amurka yake nufi, kuma a can ma ƙananan na'urori ne marasa ƙarfi, irin na Turai rabin wat ne kacal. Masu arha da yawa suna zuwa da mitocin gwaji daga masana'anta, waɗanda ka iya faɗawa kan tashar wani kamfani ko ta jami'an tsaro ba ka sani ba. A yanayin da Arewa ke ciki, yaron da aka tare a shingen bincike da oba-oba ba takarda, kafin ya gama bayani ya sha wuya. Kowane ma'aikaci ya riƙe katin shaidar aiki, a ajiye kwafin lasisi a kowace mota, a ofis kuma a rubuta lambar jikin kowace na'ura da sunan wanda ke riƙe da ita. Ka nemi mita kafin ka yi odar kaya, domin mitar da aka ba ka ita za ta nuna zangon da za ka saya. Lasisin kuma ya fito da sunan kamfaninka. In da sunan dillali ya fito, ranar da kuka ɓata da shi ka rasa tasharka.

Wani kuskuren shi ne zaton cewa tunda dijital ce ba mai iya saurare. Mai tsohuwar analog dai ba zai ji komai ba sai ƙara, amma yaro mai kwamfuta da 'yar na'urar kama sigina ta kuɗi kaɗan da manhaja ta kyauta zai saurari DMR da ba a kulle ba kamar yana jin labaran rana. Kullewar ma hawa-hawa ce. Ta ƙasa, wadda ke zuwa kyauta, mai hana ɗan leƙen asiri na banza ce kawai. Ta tsakiya mai makullin bit 40 ta tsufa. Mai ƙarfin ita ce AES-256, kuma sau da yawa sai an biya mata kuɗi daban a kan kowace na'ura. Manya ma ba su tsira ba: a 2023 masu bincike na kamfanin Midnight Blue a ƙasar Holan suka nuna cewa ɗaya daga makullan TETRA, mai suna TEA1, wanda ake cewa bit 80 ne, a zahiri an rage shi zuwa 32, har kwamfutar cinya tana iya fasa shi. Idan kana rakiyar kuɗi ko kaya masu daraja, ka biya kuɗin makulli mai ƙarfi, ka canza shi duk ranar da na'ura ta ɓata ko aka sallami ma'aikaci. Duk da haka kada a riƙa faɗin sunan maigida da lokacin fitarsa da hanyar da zai bi a kan iska.

Mu shiga kasuwa. Kuɗin guda ɗaya ta babban kamfani zai sayi irin su Baofeng UV-5R goma ko fiye, shi ya sa ido ke raina fata. Ita UV-5R analog ce, ta masu sha'awa ce, ba a yi ta don faɗuwa kan siminti da dukan ruwa da aikin awa goma sha biyu kullum ba, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda ta fi ta haɗari ita ce jabu mai ɗauke da babban suna. Kamfanin Icom ya bayyana cewa tun 2014 ya daina ƙera samfurin IC-V82, amma har yau ana samun "sabuwarta" dal a kwali. Ka nemi dillalin da zai nuna maka shaidar wakilcin kamfani, ya rubuta lambar jikin kowace na'ura a rasit, ya kuma gaya maka inda ake gyara in ta lalace. Kada kuma ka ɗauka duk abin da aka rubuta wa DMR zai yi aiki da ɗan'uwansa ta kowace fuska. Magana ta yau da kullum za ta wuce tsakanin Motorola da Hytera, amma kowane kamfani yana da ƙarin dabarunsa da ya killace wa kansa, irin su Capacity Plus na Motorola da XPT na Hytera, kuma sau da yawa GPS da kulle magana ba sa jituwa in an gauraya. In za ka gauraya, a gwada a gabanka.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba, kuma shi ne igiyar da ake ɗaure shi da ita. Kowace oba-obar dijital da kwamfuta ake saita ta, a zuba mata fayil mai ɗauke da mitoci da rukunoni da lambobi da makullai. Wasu masu saitawa sukan sa wa fayil ɗin lambar sirri su riƙe. Ranar da ka so ƙara na'ura biyar daga wani shago, ko ka so canza mai yi maka aiki, sai ka tarar ba mai iya buɗewa sai shi, farashin da ya yanka kuma shi za ka biya. Tun a takardar yarjejeniya ka rubuta cewa kwafin fayil da lambar sirri da makullai naka ne, a miƙa maka su kafin ka biya cikon kuɗi. Mai gaskiya ba zai yi gardama a kan wannan ba.

Ƙasarmu tana da zafi da ƙura da tsawa, kayan kuma su dace da ita. Ka duba alamar IP67 ko IP68 a jiki, ita ke nuna ƙurar hunturu da ruwan damina ba za su shiga ba. Mai aiki a gidan mai, ma'ajiyar gas ko inda ƙurar gari ke tashi, sai irin da aka tabbatar ba ta fitar da tartsatsi, mai alamar ATEX ko makamanciyarta. Awannin batir da ake bugawa a takarda an auna su ne a kan cewa cikin kashi 100 na lokaci, 5 kana magana, 5 kana saurare, 90 tana zaune shiru. Wurin da ake yawan magana ba zai samu haka ba. Batirin da ake caji kullum, ka sa ran canza shi cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, zafin cikin mota kuma yana gaggauta mutuwarsa. Ka sayi na ajiya tun farko. Rifita kuma a ba ta sola da batirinta na kanta, kada ta dogara da wutar gari ko janaretan ofis, a kafa mata maganin tsawa mai shiga ƙasa sosai, a sa mata waya mai kauri zuwa eriya, domin siririyar waya tana shanye ƙarfin kafin ya kai sama. A kuma ware tasha ɗaya da na hannu za su ji juna kai tsaye ko da rifitar ta mutu, kowa ya san lambarta.

Kafin ka biya, ka sa dillali ya kawo na gwaji wurin aikinka. A bi kowane lungu: bayan sito, ƙasan bene, cikin lif, ƙarshen gona, kwarin da ke bayan katanga. A tsaya kusa da janareta yana aiki a yi magana. A yi ta da harshen da ma'aikatanka ke yi da gaske, Hausa ce ko Fulatanci ko Barbarci, da muryar mace da ta namiji, domin na'urar matse murya take yi ta sake gina ta, wani sa'in har ka kasa gane mai maganar. Duk inda aka samu rami a rubuta, a ga ko ɗaga eriya zai toshe shi.

Saura tarbiyyar baki, wadda ba a saye da kuɗi. Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma abin alfahari ne, amma tashar da mutum arba'in ke jira ba wurin tambayar iyali da gajiya ba ce. Muddin ɗaya ya danne maɓalli, sauran rukunin sun zama bebaye ta fuskar amsawa. A sa a saita ta ta yanke duk maganar da ta wuce minti ɗaya. A koya wa kowa ya danna, ya jira ɗan ƙaran izini, sannan ya buɗe baki, in ba haka ba kalmar farko ta tafi, kuma sau da yawa ita ce "kada". A ba kowane wuri laƙabi, a riƙa kiran juna a farkon kowane canjin aiki don a tabbatar kowa na kan layi.

Kai kuwa mai ƙaramin otal ko makaranta, da ma'aikata shida ko takwas duk a cikin katanga ɗaya, ba ka da sirrin da ya wuce "a kawo makullin ɗaki", kada kowa ya ɗora maka kuɗin rifita da makullin AES. Analog mai kyau ta kamfanin da aka sani, da lasisinta, ta ishe ka. In kana hangen faɗaɗa aiki nan gaba, ka sayi DMR mai jin analog da dijital duka biyu, ka fara da abin da aljihunka zai ɗauka.